Baƙon da Aka Kiwata

Ana idar da sallar asuba muka ɗaura wa jaki kaya muka fita ta Ƙofar Mazugal, ni da abokin tafiyata, gari bai gama wayewa ba. Ku 'yan'uwa na zauren Malam kun dame ni tun da na dawo, kowa ya tare ni a lungu sai ya ce in ba shi labari, bakina har ya gaji da maimaici. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kun san mafarin abin. Malam ya ce akwai ƙauyuka a hayin iyaka, cikin ƙasar Faransa, inda mutane ke son addini amma ba su da mai karantar da su, ya tambaya wa zai je don Allah, ba biya, ba guzuri. Kafin ya rufe baki na ce ni ne. Ni maɗinkin hula ne, ban taɓa wuce Dambatta ba, amma Allah ya ba ni baki, kuma an sha gaya mini haka har na yarda. Abokin tafiyata dattijo ne, tsohon falke, ya san hanyar tun yana saurayi. Shi bai ce zai yi wa'azi ba. Cewa ya yi zai raka ni don kada in ɓata, ko a ci ni da rai.

Daga Dambatta muka yi Ɓaɓura. Bazara ce, rana tana dukan mutum tun hantsi, saboda haka da sassafe muke tafiya, mu laɓe a inuwa, sai la'asar mu sake ɗaura kaya. Tun daga Ɓaɓura ƙasa ta canja, jar ƙasa ta ƙare, rairayi ya karɓa. Tafiya a rairayi wata azaba ce da ban san da ita ba, ka taka gaba ƙafarka ta zame baya. Jakin ma sai ya riƙa waiwayowa yana kallona kamar ni na shimfiɗa shi.

Na zaci iyaka wani babban abu ne, ganuwa ko ƙofa. Ashe rumfar kara ce guda, da mutum biyu masu jar hula suna zaune a ƙarƙashinta, su ne 'yan duwan, masu binciken kaya a iyaka. Gonar wannan gefe da ta wancan gefe duk ta mutum ɗaya ce. Suka kwance kayanmu, suka juya littattafai ba su ga abin so ba, sai suka ga huhun goron da muka riƙo don gaisuwar masu gari. Rabi suka kwashe. Na buɗe baki zan yi musu bayani a kan haram, dattijon ya take mini ƙafa. Muka yi musu godiya muka wuce.

A can ba a ƙirga kuɗi da sule da kwabo, tamma suke cewa, tamma biyar kuma dala. Amma matan kasuwa sun fi son ƙarfenmu na Ingilishi, in ka miƙa musu takardar Faransa sai su juya ta su ɗaga ta sama su ɓata rai. Fura ta yi araha, nono ma haka, gero ne ya yi tsada don bara fara ta yi musu ɓarna. Hausarsu tamu ce sak, sai dai in zancen Nasara ya taso, nan ne za ka ji kalmomin da ba ka sani ba. Baturen mulki kumandan suke ce masa, kuma ba a faɗin sunan da ƙarfi.

A kasuwar Dantchiao na fara wa'azi. Na hau kan wani kututture, na yi yabon Annabi, murya ta fita tas, mutane suka fara taruwa. Ban kai ga shiga zancen alwala ba wani dogari ya ratso taron ya ce in sauka. Ya yi maganar cikin ladabi, har da ce mini Malam, amma ya ce kumandan ya hana malaman ƙasar Ingilishi tara jama'a a kasuwa, in na sake hawa shi ne zai sha bulala kafin ni. Na sauka. Wa'azina na farko a ƙasar waje ke nan, bai kai tsawon tauna goro ɗaya ba.

Muka yi gabas zuwa Dungas. Hanyar tana bi ta kwari-kwari masu goruba da giginya, in ka sauka fadama ka ga rake da rogo kore shar, ka hau tudu ka ga rairayi tsura sai sabara. A nan ƙafar dattijon ta kumbura. Kafin mu shiga Dungas ƙurji ya fashe a idon sawunsa, kurkunu ya leƙo. Ya dube shi ya ce shi ke nan, shi da tafiya sai bayan wata. Wani mahauci da suka saba tun zamanin fatauci ya sauke shi a zaurensa. Ya ce in zauna mu jira tare, ƙasar nan ba a yawo a cikinta ba mai gida. Na ce ni ba zaman jinya ya kawo ni ba. Na bar masa jakin, na rataya gafaka, na kama hanya ni kaɗai.

Mallawa gari ne na ciniki, rabin masu kasuwar ma daga wajenmu suke. Ga kanwa, ga tabarmin kaba, ga bisashe har ba iyaka. Tun da an hana ni kasuwa, sai na zauna a bakin masallaci bayan la'asar na buɗe littafi. Mutum kamar goma suka zauna. Ina tsakiyar bayanin abubuwan da ke karya azumi aka buga gangar kokawa a dandali. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, kowa da uzurinsa, har ya rage saura wani tsoho. Na ji daɗi na ce ga mai rabo. Da na gama na tambaye shi ko yana da tambaya, sai ya nuna kunnensa ya girgiza kai.

Daga nan na bi rugagen Fulani da ke noma a gefen gari suna kiwo. Mutanen kirki, ba su bar ni da yunwa ba ko sau ɗaya, amma duk inda na sauka abu guda suke nema, layar da za a rataya wa saniya. In na ce ba wannan ya kawo ni ba sai su ce to madalla, su cika mini ƙwarya da kindirmo, su kora shanunsu su bar ni da littafina. Takalmina ya tsinke, leɓena ya tsattsage, zawo ya kama ni saboda ruwan kanwa. Gaskiya a lokacin zuciyata ta fara ƙuna. Na bar ɗinkina da iyalina don Allah, kuma ko mutum ɗaya bai zauna ya saurare ni har ƙarshe ba.

A wannan hali na faɗa wani ƙaramin ƙauye a kan hanyar Guci. Ba zan faɗi sunansa ba. Gidaje ne da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, da rijiya ɗaya, da masallacin kara. Na yi sallama a ƙofar Maigari ina neman ruwa kawai. Ya tambaye ni daga ina, na ce Kano. Ya tambaya ko ina da dangi a ƙasar nan, na ce babu. Ya tambaya ko wani babba ya san da zuwana, na ce Allah kaɗai. Sai na ga ya dubi dattawan da ke zaune, su ma suka dube shi. Ya ce, "Malam, ai ka iso gida."

Ban taɓa ganin karɓa irin wannan ba. Aka share mini ɗaki, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka yanka zakara. Washegari aka yanka wani. Garin da ake auna gero da tafin hannu, ni ana kawo mini tuwo da man shanu yana kwaranya. Wani ya ɗauki takalmina ya gyara. Wata tsohuwa ta dafa mini sassaƙe zawon ya tsaya. Kullum na ce gobe zan wuce, sai Maigari ya riƙe hannuna ya ce haba Malam, yanzu muka fara jin daɗinka.

Wa'azi kuwa, duk yamma garin kaf yake fitowa, maza a gaba, mata a bayan dangar masallaci. Ba mai tari, ba mai motsi. In na shiga zancen cin amana da abin da aka tanadar wa mai yin sa, sai ka ga kawuna sun sunkuya ƙasa. Akwai wani magidanci, Habu, dogo mai faɗin kafaɗa, wanda shi ke kawo mini abinci daga gidansu. Shi in ina magana har hawaye yake yi. Na ce a raina, ashe dai ba bakina ne ya lalace ba, kunnuwa ne ban samu ba sai yanzu. Har na fara tsara yadda zan ba ku labari.

Ran nan da hantsi ina zaune ina gyara alƙalami sai ga doki. A kansa sojan bariki ne, irin wanda suke kira gardi, da jar hula da bulalar fatar dorina. A bayansa mutane ne a jere, igiya ɗaya ta bi ƙugunsu. Gardin bai ko sauka ba, ya ce wa Maigari, "Ina naku?"

Maigari ya nuno ni da haɓa. Ya ce, "Ga shi nan."

Na waiwaya in ga wanda ake nufi a bayana. Ba kowa sai danga. Kafin in gane, an ɗaura mini igiya. Na yi ihu, na ce ni baƙo ne, ni malami ne, ni mutumin Kano ne. Gardin ya ce shi mutum ɗaya aka ce ya karɓo daga garin nan, kuma ga mutum ɗaya, mai hannu biyu da ƙafa biyu. Na dubi jama'ar da na yi ta yi wa wa'azi, ba wanda ya ɗago kai. Tsohuwar da ta dafa mini magani ce kaɗai ta matso, ashe uwar Habu ce. Ta durƙusa ta tura mini ƙunshin ƙuli-ƙuli da garin gero a hannu, ta ce, "Ɗana, ka yafe mana." Na so in jefar da shi. Yunwar da na sani a hanya ce ta hana ni.

Wanda aka ɗaura a gabana wani baƙin mutum ne mai gemu, Isuhu, daga ƙauyen da ke kusa. Da muka yi nisa ya waiwayo ya ƙare mini kallo, ya ce, "Kai ne baƙon da aka kiwata?" Shi ya warware mini zancen. Aikin dole ne, gyaran hanyar mota daga Magariya zuwa Damagaram. Kumandan yana yanka wa kowane gari adadin mutanen da zai bayar, gari kuma yana bi gida-gida, bana wannan, baɗi wancan. Wannan karon layi ya faɗo gidan su Habu. Bara waccan an tafi da wansa bai dawo ba, ya bar masa mata da 'ya'ya a kan nasa, ga tsohuwa. Namiji ɗaya ne a gida biyu, rumbunsu ya kai ƙasa, ga damina a bakin ƙofa. In aka tafi da shi ba mai shuka, ba mai noman fari, kuma wanda ya rasa waɗannan biyu ya rasa shekara. Suna cikin wannan zullumi Allah ya jefo musu ni, ba dangi, ba mai nema.

Isuhu ya ce, "Kada ka ji haushi da yawa, Malam. Da garinmu ka faɗo, mu ma haka za mu yi. Sai dai mu ba mu da zakaru."

Sauran suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Wurin aikin yana arewa da Magariya, inda hanya ke ratsa wani kwari mai rairayi da motar Nasara ke kafewa. Ana fasa marmara a wani tudu, a ɗebo ta a kwando a ka, a zube, wasu su daɓe. Tun fitowar rana har ta faɗi. Abinci gero ne ɗan kaɗan da gishiri, sai abin da dangin mutum suka aiko masa in suna kusa. Hannun da bai san komai ba sai allura da alƙalami, ranar farko ya yi bororo, ta biyu ya fashe. Na ɗora kwando a kan hulata, tsakar kaina ta sale. Isuhu ya ga abin ya ishe shi, ya warware rawanina ya naɗa mini gammo, ya nuna mini yadda ake tafiya da kaya, wuya a miƙe, gwiwa a sake. An ce mana kwanaki kaɗan ne. Da kwanakin suka cika aka ce sai hanya ta haye kwarin.

Zan faɗa muku abin da ke raina a lokacin, don kada wani ya ɗauka waliyyi ne ya tafi. Na tsani mutanen garin nan. Ina ɗauke da kwando ina zana yadda za a kwantar da Maigari a yi masa bulala ina kallo. Kuma na yi fushi da Ubangijina, Allah ya yafe mini. Ina salla, amma goshi kawai nake kaiwa ƙasa. Na ce na fito don kai, ka bar ni aka sayar da ni da zakara biyu. Na rufe bakina, ban ƙara yi wa kowa zancen addini ba.

Su ne ba su bar ni ba. Sun ji ana ce mini Malam, sai suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya lokacin da aka ba mu hutun shan ruwa. Tambayoyinsu ba irin waɗanda na shirya wa amsa ba ne. Wani ya ce ruwan da ake ba shi bai isa sha ba balle alwala, yaya zai yi. Na nuna masa taimama. Wani ya ce gardi ba ya bari a tsaya azahar, shin in ya haɗa ta da la'asar an karɓa. Wani bayansa ya riƙe ba ya iya ruku'u, yana tsoron ko ya fita daga musulunci. Na ce ya yi a zaune, Allah ya san bayan da ya halitta. Mutumin nan ya yi ajiyar zuciya kamar na sauke masa kwando. Ina ba su amsa a gajarce, da ɗacin rai, don su tafi su ba ni wuri. Amma gobe sai su dawo da wani.

Isuhu ne ya zo daga ƙarshe. Ya jira har ba kowa kusa, ya ce in rufa masa asiri, shi Fatiha rabinta ya sani. Tun yana yaro yake motsa baki a sahu, ga shi har furfura ta fito, kunya ta hana shi tambayar limamin garinsu don surukinsa ne. Muka riƙa yi a kan hanyar tudu, yana gaba ina baya, kowa da kwandonsa, in faɗa ya maimaita. Ranar da ya kai ta ƙarshe ba tuntuɓe, ya tsaya cak a tsakiyar hanya har gardi ya daka masa tsawa. Da magariba ya ce in ja su salla a gindin wani gawo. Muka yi sahu, mutane masu warin zufa da tsummoki. Na ɗaga murya, na ji Isuhu a bayana yana bi a hankali. Rabon da in ji salla ta shiga jikina haka, har na manta.

Akwai wanda ya rasu a cikinmu, wani mutumin wajen Guci, zazzaɓi ya kayar da shi. Gardawan suka ce a tura shi rami a koma aiki. Na je na tsaya a gaban babbansu na ce a ba mu tulu ɗaya da ɗan lokaci. Ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Ya dube ni ya dube ni, sannan ya ce mu yi sauri. Muka yi masa wanka, muka suturta shi da rawanin nan nawa, muka sallace shi. Daga ranar da tsumma nake gammo.

Sai ruwa ya sauka. Da rana tsaka hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ni ɗan birni murna na yi, na buɗe baki ina tarar ruwan, na ce yau za a huta. Da na duba sai na ga ba mai murna sai ni. Manyan magidanta suna tsaye cikin ruwa da kwanduna a hannu, kowa ya juya fuskarsa wajen garinsu. Da aka ɗauke, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan, Isuhu ya durƙusa ya tura yatsa cikin rairayi har ya nutse, ya ce, "Ruwan shuka ne." Ranar ba wanda ya iya cin abinci.

Bayan ruwan da ɗan kwanaki sai ga dattijon a kan jaki, ƙafa naɗe da tsumma. Ya bi sawuna tun daga Mallawa yana tambaya har ya gano inda nake. Da ya gan ni bai gane ni ba sai da na yi magana. Ya ja ni gefe ya ce an gama komai. Ya je bariki a Magariya ya ga tafinta, ya ba shi sauran goronmu. Tafinta ya ce kumandan ba ya son rigima da Ingilishi a kan mutuminsu. In je da kaina gobe in faɗi yadda aka yi, za a sake ni a raka ni iyaka.

Na ce, "To, su kuma fa?"

Ya ce, "Su wa? Za a aika gardi ya ɗauko wanda aka ɓoye, ya yi nasa ya yi na tara. Maigari kuma ya sha bulala a gaban jama'a. Ba abin da kake so ke nan ba?"

Shi nake so, wallahi. Na daɗe ina roƙon wannan rana. Amma na riga na ga fuskokin mutanen nan cikin ruwa. Na san a daidai wannan lokaci Habu yana gona, ya shuka ta gidansa yana shuka ta wansa, ciyawa kuma tana tafe. Na duba duk wanda ke wurin nan yana da gonar da ke lalacewa saboda rashinsa, ban da mutum ɗaya. Ni allura na bari a gida, ita kuwa ba ta da damina. In akwai wanda ya kamata ya ɗauki kwandon nan a duk ƙasar, ni ne.

Na ce, "Yaya, ba zan je ba."

Ya ce, "Rana ta taɓa ka ne? Mutanen da suka sayar da kai?"

Na ce, "Su."

Ya zage ni tas, irin zagin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya tuna mini matata da 'ya'yana, ya ce in na mutu a nan da wane baki zai gaya wa Malam. Ni ma tsoro nake ji, kuma ban daina jin haushin garin ba. Da ya gaji ya hau jakinsa ya tafi ba sallama. Washegari sai ga shi ya dawo da ƙwaryar fura. Ya kama ɗaki a Magariya, kullum yana kawo mini abinci yana zagina har aka sallame mu.

Sai da damina ta yi nisa hanya ta haye kwarin aka kore mu. Isuhu ko ban kwana bai tsaya yi sosai ba, ya riƙe hannuna ya ce in sa shi a addu'a, ya zura da gudu ko zai samu abin da matansa suka iya shukawa. Na ce wa dattijon sai na koma ƙauyen nan, gafakata tana can. Ƙasar da na ratsa tana fari fat yanzu ta zama kore, tabkuna sun cika, shanun Fulani sun yi sumul. Amma a hanya muna wuce gonaki da ciyawa ta cinye, ba sai an gaya maka inda mai su ya yi damina ba.

Da muka shiga garin, mata suka ja yara cikin gida. Maigari aka ce ba ya nan, alhali ga takalminsa a ƙofar zaure. Na ce a nuna mini gonar Habu. Na same shi yana maimai, gero ya kai masa ƙugu, baƙi ƙirin don lafiya, gona biyu a haɗe ba ciyawa ko ɗaya. Da ya gan ni hauyar ta faɗi daga hannunsa. Ya tsaya yana jiran abin da zan yi masa. Ni ma ban san abin da zan yi ba. Na shirya maganganu masu zafi tun daga Magariya, na neme su na rasa. Sai na ji bakina ya ce, "Ya yi kyau."

Ya durƙusa a kan kunyar gona ya rufe fuska. Na bar shi ya yi mai isarsa, sannan na ce ya tashi rana tana yi, aiki bai ƙare ba. Uwarsa ta kawo gafakar, ta naɗe ta cikin zanenta don kada ɗigon ruwa ya taɓa littattafan. Suka ce mu kwana a yanka mana zakara. Na ce a'a, na ci rabona na zakarun garin nan.

Muka biyo ta Dungas muka yi wa mahaucin godiya, muka haye iyaka, 'yan duwan ba su sami abin ɗauka a kayanmu ba. Muka shigo Kano da yamma ana yayyafi. Uwargida ta gan ni ta fasa kuka, wai an aske mini tsakar kai, ta ƙi yarda kwando ne. Ta sayar da akuyarta a bayana, masu hulunan da na karɓi aikinsu sun kai wa wani, wuyana har yau ba ya juyawa hagu sosai.

Da na je gaida Malam, ɗaya daga cikinku ya tambaye ni mutum nawa suka tuba a hannuna. Ban san ko ɗaya ba. Na tafi ina ganin abin da zan kai musu bakina ne, ashe wuyana ake bukata, kuma da an tambaye ni tun farko da ban bayar ba. Abin da na koyo ke nan, kuma shi ya sa na daina yi wa Allah lissafin abin da na bari dominsa.

Geron kuwa ban san yadda ya ƙare ba. Na baro shi bai fitar da kai ba, ga fara ana jin labarinta daga arewa. Duk falken da ya zo daga Mallawa sai na tambaye shi, ba wanda ya san ƙauyen. Saboda haka in kun gama karanta wannan, kada ku tsaya yaba mini, ku ɗaga hannu ku roƙa wa gonar Habu ruwa biyu ko uku. Gida biyu ne ke jiran ta.